Ranar da Mushtari Ya Dawo a Amalanke

A ofishin hedimastan firamarenmu, can gefen Wurno ta hanyar fadama, akwai wata kujera. Ta katako ce mai hannuwa biyu, da 'yar jar katifa wadda zama ya lotsa. Ita kaɗai ce a makarantar nan ke tsaye da ƙafafunta huɗu na asali, sauran duk sai an tokara musu bulo. Ni Malam Ɗantani, shekara goma sha bakwai ina koyarwa a wurin, kuma ba zan ɓoye muku ba, ban taɓa shiga ofishin nan sa hannu ban saci kallonta ba. Na san ɓangaren da zan jingina. Na san yadda zan ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya in ce wa mai sallama, "Jira ni waje." Har gwadawa nake yi a gida a kan turmi.

To sai ga shi cikin bazarar bara hedimasta, Malam Almustapha, ya kai lokacin ajiye aiki. Mu biyu ne manya a bayansa, ni da Malama Atika mai aji biyar. Ofishin ilimi ya aiko da takarda cewa ranar Alhamis ta sama za a turo jami'i ya kalli darasin kowannenmu, wanda ya fi ya hau kujera. Darasin kuwa a kan rana ne da duniyoyin da ke kewaya ta, da sharaɗin kada a tsaya ga allo, sai yara sun gani da idonsu sun taɓa da hannunsu.

A gindin dogon yaro, inda mu malamai da hedimasta muke shan iska lokacin tara, na tambayi Malama Atika abin da ta shirya.

"Sanda," in ji ta.

"Sanda? Wa za ki duka?"

"Kahwa ta za ni yi tsakar hili, yara su riƙa aza tsakuwa bakin inuwa dut bayan awa guda. Sannan in ɗauko tocila da lemu in gwada musu yadda dare da rana ka zuwa."

Na yi dariya har hulata ta karkace. "Haba Malama! Jakin da ad ɗaure bayan makaranta ma ya san inuwa na juyawa, shi ya sa shika canza wurin kwanciya. Wanga za ki kai gaban jami'i?"

"To kai mi kas shirya?"

Abin da nake jira ke nan. Na miƙe tsaye, don irin wannan magana ba a yin ta a zaune. Kwana biyu na yi ina haƙilo da waya da biro, na gano cewa duk zanen da ke cikin littattafanmu ya cuci yara, ya jera duniyoyi kusa da juna kamar tukwane a madafa. Ni zan yi abin a kan ma'auninsa na gaskiya. Idan Duniya ta zama albasa guda, to rana sai ta kai faɗin aji sukutum, kuma tsakaninsu kilomita ɗaya. Mushtari, babban cikinsu, zai tsaya a kilomita biyar da rabi, Zuhalu a goma. Da na auna biyun ƙarshe kuwa sai da tsigar jikina ta tashi: Yuranus ya faɗa kusan Rabah, Neftun ya faɗa kusan Goronyo.

"Ku duba hwa," na ce musu. "Kamar don darasina anka gina garuruwan ga. Ƙananan hukumomi ukku za ni mayar aji guda. Ko Sakkwato ba a taɓa yin irinai ba."

Malama Atika ta kaɗa mayafi. "To yaran, ina za su tsaya su gani?"

"Malama, babban ilimi ba da ido aka ganinai ba."

Hedimasta ya yi tari, ya ce Allah shi taimaka, ya tashi ya buga ƙararrawa tun lokaci bai yi ba.

Gaskiya makon shiri ya yi daɗi. Na sa 'yan aji shida kowa ya kawo albasar da ta fi zagaye a gidansu, muka baza su a kan tabarma muna aunawa da zare. Wata yarinya mai ƙwaƙwalwa, Juwairiyya, ita ta ci gasar da wata ja sumul da ta zaro daga rudun babanta, rumfar nan da ake adana albasa. Muka naɗa ta Duniya, aka yi tafi. Ƙananan duniyoyi ba su ba mu wahala ba: goro, wata albasar, lemon tsami. Manyan ne matsala, kuma maganinsu yana ɗakin matata Sauda.

Na ɗauke mata manyan masakai biyu na kayan aurenta, da ƙoren fura shida, da faifan da ta fi so. Na kai wa mai ɗinkin ƙwarya a kasuwa ya kifa su biyu-biyu ya ɗinke bakin ruf, bayan na zuba yashi a ciki don kada iska ta kwashe. Faifan na huda masa tsakiya na zura wa Zuhalu ya zama zobensa. Yara suka shafe Mushtari da jar ƙasa, Neftun da shuni. Mushtari bai kai girman da lissafi ya ce ba, amma na yafe masa.

Daga nan sai iyayi ya motsa. Na ce sunayen nan yawancinsu daga Larabci muka same su, don haka da ajami zan rubuta su, jami'i ya san ban tsaya ga boko kaɗai ba. A ƙarƙashin kowane suna na zana gida-gida, uku a tsaye uku a kwance, na cika su da lambobi da jan alƙalami: nisa, faɗi, yawan watanni da sauransu. Can a gindin kowace ƙwarya kuma na rubuta da boko, "Aikin Malam Ɗantani, Firamare, Wurno," don kada tarihi ya manta da ni.

Sauda ta tsaya a kaina da ludayi a hannu, ta daɗe tana kallo.

"Malam, hatimi na kaka zanawa?"

"Jadawali na. Kimiyya ta."

"To ni dai jadawalin ga na taɓa ganin irinai bisa allon mai duba, lokacin da akuyar Gwaggo taɓ ɓace."

Na ce mata matsalar ƙasar nan ke nan, ba a bambanta ilimi da camfi. Ta ce ita matsalarta faifanta, kuma tana son sa ranar Juma'a.

Saura aunawa. Nan ƙaninta Kabiru ya shigo, ɗan kabu-kabu ne, magidanci da matarsa ta rasu shekara uku da suka wuce, kuma abokin wasana tun ranar da na auri yayarsa. Na tambaye shi ko mitar mashin ɗinsa, mai ƙidaya tafiya, tana aiki.

"Yaya Malam, mitata ko jirgin sama bai da irinta."

Na gargaɗe shi kada ya faɗa wa kowa abin da muke yi, don kada sauran dabarar da ban faɗa ba ta kai kunnen Malama Atika ta kwaikwaya. Ranar Asabar da hantsi muka ɗaure kaya. Ni ina baya, Mushtari a kan cinyata ya tokare mini haɓa, buhun sauran a gadon bayana. Ban ga hanya ba balle mita. Aikina kawai in yi tambaya, Kabiru ya karanto.

Uɗaridu, ƙaramin cikin duniyoyin, wanda goro ne, bai ko bar ƙofar makaranta ba. Ina cikin gyara zama na ji ƙas, Kabiru ya ɓare shi.

"Ka cinye duniya guda!"

"Ai ƙarama ta, Yaya Malam, ba mai lura."

Muka ci gaba. "Nawa yanzu?"

"Saura kaɗan. Saura kaɗan. Ɗaya cib!"

Ya taka birki. Na leƙo ta gefen Mushtari, sai na ga mun tsaya daidai rumfar Inna Kyauta mai fura. Na kafa turke, na soka Duniya a kansa, na ɗaura mata takardarta mai gida-gida. Tunda mun riga mun tsaya, muka sha fura.

"Ɗan nan, mi na wanga kaka kahwa mini bakin sana'a?" in ji Inna Kyauta.

Na tuna da sirri. Na daure fuska, na ɗaga yatsa. "Inna, kada wanda ya taɓa shi. Ran Alhamis za ku ga abin da za shi hwaru."

Wallahi ni nufina ranar darasi. Na ga ta ja baya tana salati, na ɗauka kwarjinin ilimi ne ya kama ta. Maganar ta yi mini daɗi a baki, har na riƙa maimaita ta duk inda muka tsaya.

Kilomita biyar da rabi ta cika a wani ƙauye ta wajen Sisawa, daidai ƙofar wani gida mai zaure da bishiyar kurna. Rana ta take, ba kowa a waje sai wata tsohuwa a inuwa, ita ma na karanta mata gargaɗina. Ina ɗaure Mushtari a jikin kurna, Kabiru ya ce zai nemi ruwa. Ya zagaya bayan gidan, ya daɗe, ya dawo yana murmushi shi kaɗai, babu ruwan. Ban kawo komai a raina ba.

Kilomita goma ta cika a wata mararraba, daidai lokacin da tayarmu ta baya ta sace, kuma daidai rumfar mai faci. Ashirin ta cika a Rabah, a bayan tukubar mai tsire. Washegari talatin da biyu ta cika a Goronyo, inda mata ke soya kifin madatsar ruwa. A kan hanyar dawowa, bakina duk maiƙo, na yi wa Kabiru wa'azi.

"Ka ga hikimar Ubangiji? Dut inda duniya tat tsaya, akwai abinci kusa."

"Ikon Allah," in ji Kabiru, ya ƙara wuta.

Ranar Alhamis na sa babbar rigata ta sallah. Tun da sassafe na ɗaura igiya a turke, yara suka zagaya da toka muka zana rana a tsakiyar fili, da'ira mai faɗin aji. Jami'in ya iso, wani dogon mutum marar yawan magana mai suna Malam Abdulmutalib, da littafi a hammata. Aka fito masa da kujerar nan ya zauna a gindin dogon yaro. Na kalle shi a kanta, na ce a raina zauna da kyau, aro ka yi.

Malama Atika ta fara. Yaranta sun jera tsakuwa a bakin inuwar sanda tun safe, suka nuna yadda take gajarcewa. Ta shigar da su aji ta rufe taga, ta haska lemu da tocila tana juya shi, wani ya yi ihu, "Ga Wurno ta shiga dare!" Jami'i ya gyaɗa kai ya yi rubutu. Ni kuwa ina gefe ina tausaya mata.

Da aka zo kaina, na taka zuwa tsakiyar da'ira na buɗe hannuwa.

"Ranka shi daɗe, wagga ita ta rana!"

Ya duba ƙasa. Awaki sun riga sun bi ta kan ranar sau biyu, amma ana gane ta. "To. Ina Duniya?"

Na nuna gabas. "Kilomita guda, bayan masallacin can, bayan injin niƙa."

Ya sa hannu a goshi ya ƙura ido. Yara arba'in su ma suka sa hannu a goshi. Babu abin da ake gani sai wani mai keke.

"Mushtari hwa?"

"Wajen Sisawa, ranka shi daɗe."

"Neftun?"

"Goronyo."

Ya rufe littafinsa a hankali. "Malam, to mi yaran ga za su taɓa?"

Na buɗe baki zan kawo maganar nan ta babban ilimi, sai Juwairiyya ta ɗaga hannu. "Malam, ga Duniya can tahe."

Inna Kyauta ce. Ta riƙo turken da tsumma, ta miƙe hannu nesa da jikinta, takardar na lilo. Albasar babu, wani bunsuru da bai san tsoro ba ya gama da ita tun Lahadi.

"Ina Ɗantani? Kwana biyat ba wanda yas sha hurata! Kowa yaz zo shi ga abin ga shi juya. Nono ukku na zubar! Mi nim maka, ɗan nan? Ni da nis san uwarka tun tana budurwa!"

"Inna, kimiyya ta..."

"Kimiyya taka sa a kahwa ma mutum turke a ce shi jira Alhamis? To ga ni, Alhamis ta yi. Mi za shi hwaru?"

Kafin in haɗa amsa, wata motar haya ta tsaya a bakin hanya. Direba ya sauke buhu da sanda, ya ture shi cikin fili da ƙafa, ya ce saƙon mutanen Rabah ne, da gora mai tsawo suka farfasa shi daga nesa, sai a ɓallen gindi suka ga suna. Ya ce mai facin mararraba ma ya ba da nasa, yana ciki, kwana huɗu ya yi yana aiki a wancan gefen titi. Faifan Sauda ya leƙo ta bakin buhun, a karye.

Malam Abdulmutalib ya zaro wayarsa yana latsawa. "Dakata. Jiya anka turo mini wani hoto daga Goronyo, wata shuɗiyar ƙwarya ana ƙona ta bakin ruwa. Da saƙon murya, wai a yi hattara da mutum biyu bisa mashin, na baya mai ƙaton ciki." Ya dube ni daga sama har ƙasa. "Kai na?"

Na yi ƙoƙarin shanye cikina. Babbar riga ma ta ƙi rufa mini asiri.

Sannan muka ji ƙarar amalanke. Jaki ne ke jan sa, a kai ga Mushtari an lulluɓe shi da tsohuwar tabarma an ɗaure da igiya. Mutum sun fi talatin a bayansa, amma babu wanda ya matso kusa da taku biyar. A gaba wani dattijo ne mai farin gemu da sanda, Baba Mode, mai gidan nan na gindin kurna. A gefensa 'yar ƙaninsa Mahbuba, bazawara, ta ja mayafi har hanci. Can a ƙarshen ayari na hango Kabiru yana tura mashin, matasa biyu sun sa shi a tsakiya.

Baba Mode ya yi sallama ga hedimasta da baƙo yadda ya kamata, ya tambayi lafiyar iyali da zafi. Sannan ya juyo.

"Wa a Ɗantani?"

Yara arba'in suka nuna ni. Tarbiyyata ce, na koya musu gaskiya.

"Yaro, kwana biyat gidana ba mai bi ta zaure. Ni da shekaruna ta katangar baya nika hita masallaci, bisa turmi. Kazarmu ta mutu. Ɗiyag ga ba ta barci, an ce ita anka yi ma. Jiya munka samu masu ƙarhin hali sunka mirgina shi da gora, sai ga sunanka. Hwaɗa mini gaban mutane: wa yas sa ka?"

Sai na ga dama ce ta in nuna wa jami'i ko ni wane ne. Na gyara riga.

"Baba, ba wanda yas sa ni. Lissahi na yak kai shi ƙohwarka. Nisan Mushtari daga rana, bisa ma'aunina, kilomita biyat da rabi na, ba ƙari ba ragi. Da bisa rijiya yaf faɗa, bisa rijiya za ni aje shi. Ni ban bin son rai, mita nika bi. Ga mashin can, kowa shi je shi gani!"

Da na san abin da zai biyo baya da na haɗiye wannan jumla ta ƙarshe. Malam Abdulmutalib ya tashi daga kujera ya nufi mashin, jama'a suka bi shi. Ya sunkuya, ya goge gilashin mitar da gefen hannun riga, ya daɗe yana dubawa.

"Malam Ɗantani, taho."

Na je. Lambobin mitar duk sun tsaya a wuri ɗaya, ƙura ta cinye rabinsu. A cikin gilashin, daidai kan allurar, zanzaro ya gina ɗakinsa na laka, har ya bushe ya tsage.

"Kabiru," na ce, "tun yaushe?"

Ya sosa ƙeya. "Tun damanar bara waccan, Yaya Malam."

"To lambobin da kaka karanta min?"

"Ai kai kaka hwaɗin lambar da kaka so. Ni kau in na ga wurin da ya dace, sai in ce ta cika."

Wani a cikin taro ya fashe da dariya, aka harare shi ya yi shiru. Baba Mode ya buga sanda a ƙasa.

"To ƙohwata mi yas sa tad dace?"

Kabiru ya dubi ƙasa, ya dubi sama, ya saci kallon Mahbuba. "Baba, ahuwa. Na ji Yaya Malam ya ce wanga shi na babba cikinsu dut, ba mai kama ƙahwatai. Nic ce to in haka na, bai kamata a aje shi ƙohwar kowa ba sai tata."

Wannan karon ba a iya hana kowa ba. Fili ya ɗauki dariya, har Inna Kyauta ta yar da turke ta riƙe ciki. Mahbuba ta ja mayafin ya rufe fuskar gaba ɗaya, amma kafaɗunta na girgiza. Baba Mode ya karɓi wuƙa, ya yi bisimilla, ya farke ɗinkin da hannunsa. Yashi ya zubo, da wani tsohon cokalin Sauda da muka shekara muna nema.

Ina tsaye a tsakiyar ranata, ban san inda zan sa fuskata ba. Ba dariyar ce ta fi yi mini ciwo ba. Yarana ne. Sun yi mako guda suna shafa jar ƙasa da shuni, sun gaya wa iyayensu malaminsu zai nuna musu sama, ga su sun yi tsuru-tsuru suna kallon ɓallen ƙwarya.

Sai na ji muryar Malama Atika, a hankali, kamar ba abin da ya faru.

"'Yan aji shida, ku taho. Ku kihe masakan ga, ku aje su nan bakin toka. Ku ɗauko na cikin buhu ku haɗa yadda kunka iya. Juwairiyya, ruga gida ki ɗauko muna wata albasa."

Cikin ɗan lokaci ga su a jere a gefen da'irar: Mushtari, Zuhalu da karyayyen faifansa, ɓallen Yuranus, da sabuwar Duniya. Ta sa yara suka riƙe hannun juna suka zagaye ranar, sai da mutum ashirin da 'yan kai suka shiga kafin da'irar ta rufe. Sannan ta ce Juwairiyya ta ɗaga albasar sama.

"Wagga ita ta Duniya. Abin da kunka zagaye, ita ta rana. Ku duba da kyau."

Dariya ta ɗauke. Yara suka dubi albasa, suka dubi faɗin filin da ke tsakiyarsu. Baba Mode ya tako a hankali, ya karɓi albasar ya juya ta a tafinsa.

"Malama, kina nuhin mu dut cikin 'yar abag ga muke? Da Wurno da Sakkwato da Makka?"

"Har da teku, Baba. Kuma in za a aje ta inda ya kamata, sai an kai ta wajen rumhwar Inna. Malam Ɗantani na yal lissahwa, kuma lissahin daidai shike."

Dattijon ya yi tasbihi, ya miƙa wa na kusa da shi, albasa ta riƙa yawo hannu zuwa hannu har ta kai ga direban Rabah. Malam Abdulmutalib ya buɗe littafinsa yana rubutu da sauri. Ni kuwa, ku ji halin ɗan Adam, nan take zuciyata ta farfaɗo. Na matsa kusa da shi ina gyara hula.

"Ranka shi daɗe, ka ji dai, lissahina na."

"Na ji," in ji shi, bai ɗago ba. "Lissahinka na. Kai kak kai shi Goronyo, ita tak kawo shi gaban yara."



Abin da ya biyo baya kaɗan ne. Na yi sati ina shan fura a rumfar Inna Kyauta safe da yamma, a bainar jama'a, don mutane su ga ba a mutuwa. Na je Rabah da Goronyo na ba da haƙuri, a motar haya. Kabiru ya auri Mahbuba bayan sallah, kuma Sauda ta ba su masakan nan biyu gudummawa, har yau da jar ƙasarsu. Faifai ne dai ba a yafe mini ba, duk ranar Juma'a sai an tambaye ni.

Takardar ofishin ilimi ta zo bayan sati uku, da sunan Malama Atika. Na karanta ta sau biyu a tsaye, na fita bayan aji na daɗe ina kallon jakin nan yana bin inuwa. Ya yi mini zafi ƙwarai, kuma abin da ya fi zafin shi ne na san ba a zalunce ni ba.

Ranar miƙa aiki aka shirya taro a gindin dogon yaro, iyaye sun cika, har Baba Mode ya zo. Sai aka lura ba a fito da kujera ba. Malama Atika ta waiwayo, ta dube ni da ladabinta na kullum.

"Malam Ɗantani, don Allah a taimaka muna da kujera. Kai kas saba da manyan kaya."

Na shiga ofis. Ba kowa a ciki sai ni da ita. Na shafa hannunta na dama, inda na daɗe da niyyar ɗora gwiwar hannuna, sannan na cire hula na sa a aljihu, na cicciɓe ta na aza a ka. Na ratsa filin nan da ita, ta kan sauran tokar rana, yara suna ba ni hanya. Shekara goma sha bakwai ina jiran ranar da zan hau kujerar nan, ashe ita ce za ta hau ni.